Fitilun Filin Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da fili a bakin titi a Gaya, inda mutanen Kademi da Balan da Toranke suke ajiye babura da motoci ranar kasuwa. Dillalan hatsi ba sa tashi sai bayan isha'i, su zo suna laluben ababen hawansu da fitilar waya. Wata rana wani direba yana ja da baya ya taka ƙafar wani dattijo da ya tsuguna yana ɗaure buhu. Allah ya taƙaita, targaɗe ne kawai, amma hankalin Kawu ya tashi. Ya kira ni ya ce in nemo fitilun sola na zamani in haskaka filin, tunda na taɓa zama a Kano. Ni kuwa tela ne.

Na shiga Kano wajen masu kayan lantarki. Na farko ya tambaye ni wat nawa nake so, wato ƙarfin wutar, na ce ban sani ba, fili ne dai. Na biyu ya ce in manta da wat, yanzu lumen ake dubawa, wai ma'aunin haske, ya nuna min rubutu a jikin kwali. Na uku ya ce rubutun kwali ba abin yarda ba ne, ya kunna min wata a fuska har na daina ganin shagon. Na tambaye shi ko za ta ishi filin, ya ce ya danganta da tsawon turke. Na tambayi tsawon da ya dace, ya ce ya danganta da fitilar. Na dawo gida da wadda ta kashe min ido, don ita kaɗai na shaida.

Muka kafa ta a tsakiyar fili. Da magariba ta kama da kanta, mutane suka taru suna sa albarka. A ƙarƙashinta ko allura ce za ka tsinta. Amma da motocin hatsi suka jeru, sai bayan kowace mota ya yi baƙi ƙirin, fiye da yadda yake a da. Direbobi kuma suka ce in sun juyo tana dukan idonsu, ba sa ganin mai tafiya a gabansu.

Kawu ya tsaya yana kallo, ya ce, "Wai ni ɗan nan, haske muka ƙara ko duhu?"

Na ce, "Wallahi Kawu, duka biyun nake gani."

Wani mai gyaran wuta ya ce a ƙara wa turken tsawo. Muka ƙara. Inuwar motoci ta ragu, sai dai hasken ya tsallaka katangar maƙwabci. Maƙwabcin ya zo da sallama ya ce iyalinsa sun daina zama a tsakar gida, shanunsa kuma ba sa kwanciya. Wani malamin Islamiyya da ke ajiye babur a wurin ya ce ƙananan fitilu da yawa suka fi, a jera su gefe-gefe. Muka sayo ƙanana. Da damina ta kama, duk ranar da hadari ya wuni sai su mutu kafin kasuwa ta tashi. Babbar kuma ta tara ƙwari, ƙwari suka jawo kwaɗi, aka fara maganar maciji.

A ƙarshe muka sunkuyar da kan babbar, muka tare ɓangaren maƙwabci da guntun kwano, muka bar ƙananan a kusurwoyi. Ba a sake taka kowa ba. Ko fitilun ne, ko direbobi ne suka shiga taitayinsu, ban sani ba. Kawu yana cewa bakin shiga ya cika haske, ni kuma ina ganin lungun gabas bai samu ba.

Kwanan baya wani mutumin Ajingi ya same ni a shago, wai an ce masa ni na tsara fitilun, yana son irinsu a filin masallacinsu. Na rantse masa ban san yadda aka yi suka zauna haka ba. Ya yi murmushi, ya ce ai kowane gwani haka yake faɗa. Ya je filin ya auna tsakanin turaku da taku, ya ɗauki hoto, har da guntun kwanon, ya hau babur ya tafi.