Injin da Baba Tizhe Ya Kasa Ji

Na manta abubuwa da yawa na zamanin aiki, amma ban manta ranar da muka ɗora wa akori-kurar Baba Tizhe sabon inji ba. Ku yaran yanzu da kuke jona na'ura ta faɗa muku ciwon mota, ku saurara.

Shekara biyu ke nan bayan ƙuri'ar da aka yi ta zaɓen ko Najeriya ko Kamaru. Ina makaniki mai daraja ta biyu a garejin ma'aikatarmu a Mubi, ina jiran ƙarin girma. A samana akwai foman, Malam Hammadu, a samansa kuma injiniya, wanda ba ma ganinsa sai ranar duba aiki.

Baba Tizhe tsohon direba ne, mutumin duwatsun Michika. Motarsa tsohuwa ce mai jan ƙafa huɗu, ita ke kai magani ƙauyukan kan dutse ta sauko da marasa lafiya. Ba ya tuƙi da takalmi. Da ya shiga sai ya cire ya ajiye a gefe, mu kuwa mu yi ta tsokanarsa da ƙauyanci, shi kuma ya kalli bakinmu ya yi murmushi.

Injin motar ya gaji, yana shan mai yana hayaƙi, ga jijjiga har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Sai aka ba da izini mu ciro injin wata mota da ta kife a mayo, wato rafi, wadda jikinta ya lalace amma injinta lafiya lau. Ƙa'idar ita ce, idan an canza inji sai a rubuta sabuwar lambarsa da sunan makanikin a katin mota, foman ya sa hannu, sannan direban ya ɗauki injiniya su hau hanyar Gella su dawo. Direban da ya kasa, a karɓe makulli a mai da shi gadin ƙofa.

Kwana huɗu na yi a kan aikin. Muka rataya sarƙa a reshen maɗaci muka zaro tsohon, muka saukar da sabon. Bakin salansa, wato bututun hayaƙi, bai zo daidai ba, na yanka na yi walda. Na wanke lagireto, na sa sabon kuloci. Sannan na sa sababbin robobi a ƙarƙashin injin, waɗanda muke kira kujerar inji, su ne ke shanye jijjiga. Da na tayar, sai ka ɗora kofin shayi a kan bonet bai motsa ba. Ba ƙaramin ji da kaina na yi ba ranar.

Ana jibi injiniya zai zo, muka fita gwaji ni da Baba Tizhe. Tun kafin mu wuce Yelwa na ga abin da ban gane ba. Ya taka totur inji na ihu, bai canza giya ba. Da ya canza kuma, sai a inda bai dace ba, motar ta yi tsalle ta mutu. Mutumin da ya fi shekara ashirin a sitiyari! Ina kallon waje na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Shiru. Na sake faɗa da ƙarfi. Shiru. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya juyo yana kallon bakina.

Ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya daɗe hannunsa na kan sandar giya. Sannan ya ce, "Bukar ɗana, motar nan ba ya magana."

Nan na gane komai. Ya ce tun wani zazzaɓi da ya yi damina biyu baya kunnensa ya tafi, saura kaɗan. Da tafin ƙafarsa yake jin injin, da kuma tafin hannunsa. Jijjigar da na kashe kwana huɗu ina korarta, ita ce ke faɗa masa lokacin canza giya. Ya ce, "Kar ka damu, aikinka ya yi kyau. Ni ne ya ƙare." Wallahi tausayinsa ya kama ni, da kunyar duk tsokanar da na yi masa.

Washegari da sassafe na ɗaga injin da jak, na cire robar ɓangaren direba. Na yanko guntun katakon maɗaci daidai kaurinta, na huda, na ɗaure da noti. Ina ciki sai ga ƙafafun Malam Hammadu a gefen motar.

"Bukar, roba sabuwa kake cirewa?"

"Ranka ya daɗe, maganar Baba Tizhe ce..."

"Na sani tun bara," in ji shi. "Na bi shi a baya har kan dutse sau biyu, ban ga kuskurensa ba. Idonsa ya fi namu. Amma daga yau ba ya fita sai da ma'aikacin magani a gefensa, saboda hon na wasu motoci." Ya leƙo ƙarƙashin motar. "Ka san injiniya zai ji wannan katakon. Sunanka ne a kati."

Na ce na sani.

Ranar gwaji suka hau hanyar Gella, ni ina tsaye a ƙofar gareji ina jiransu. Da suka dawo, injiniya ya sauko yana riƙe da ƙugu. Ya ce direba ba shi da laifi, bai ji ƙarar giya ko sau ɗaya ba. Sannan ya tambayi wanda ya ɗora injin. Na fito. A gaban kowa ya wanke ni tas, ya ce inji mai kyau na mai da shi injin niƙa, ya rubuta a fayil ɗina cewa aikina ba tsabta. Ƙarin girman da nake jira bai zo ba sai bayan shekara guda. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba, domin ina da sabon iyali a lokacin.

Duk wannan faɗan, Baba Tizhe ya ba mu baya yana goge gilashi. Shi kaɗai ne a garejin bai ji ba. Da injiniya ya tafi, ya zo da fara'arsa ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ka ga oga ya yaba, ko? Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Na ce, "Ya yaba, Baba."

Ya ci gaba da tuƙa motar har ya yi ritaya da makullinsa a hannu, kuma a cikin mu goma sha wani abu da muka tsaya a wurin ba wanda ya taɓa faɗa masa gaskiyar abin da aka ce. Abin da na koya ke nan: mota ba ta gyaru ba sai mai tuƙa ta ya iya tuƙa ta. Kafin ku sa sifana a jikin kowace mota, ku fara zama gefen direbanta ku ga yadda yake da ita.