A Ka'akiyya Babu Yara Ne?

Ba a Makka aka haife ni ba, amma a can na yi wayo. Ina ƙaramin yaro mahaifiyata ta tafi da ni aikin Umara daga Kano bayan rasuwar mahaifina, ta ƙi komawa. Burinta ɗaya ne a duniya: ta mutu a Makka, a sallace ta a Harami, a rufe ta a ƙasar. Muka sami ɗaki a kan dutsen Nakkasa, cikin Hausawa 'yan'uwanmu, yawancinsu ba su da igama, wato takardar izinin zama. Ita tana suyar ƙosai, ni ina tallar carbi da darduma a unguwar Aziziyya, masaukin alhazai. Yaron kirki ne ni a lokacin, kowa zai shaida. Ga shi Allah ya ba ni baki. Larabci kamar ɗan ƙasa, Hausa kamar jiya na baro Fagge. In na tare alhaji, sai ya sayi carbi ko da yana da wani a wuya.

Bakin nan ne ya kai ni ya baro. Da dabino na fara, ina zuba na gama-gari a kwalin ajwa, dabinon Madina mai tsada. Na ga babu wanda ya mutu, sai na ƙara gaba. Alhazai da yawa ba sa son wahalar zuwa mayanka cikin rana, sai su ba ni kuɗin hadaya in yanka musu. Ni kuwa hoton rago ɗaya gare ni a waya, wani mai baƙin kunne. Ragon nan na yanka shi ga alhazan da ban san iyakarsu ba, kuma ina kyautata zaton da ransa na baro ƙasar.

Dattawan unguwarmu sun san sana'ata, suka kau da kai, domin ina da rana a wurinsu. Babbansu shi ne Baba Alhaji, mai raba rigima, mai nema wa baƙo ɗaki, mai tsayawa a kan gawar wanda ba shi da kowa. Ba mugun mutum ba ne, ku riƙe wannan. Duk lokacin da ake son a lallashi wani ko a tsorata shi cikin ruwan sanyi, ni yake aika wa.

Akwai wani malami da ke koyar da yara karatun Alƙur'ani a wani ɗaki kusa da masallacinmu. In yana ƙira'a har mata sukan dakata da wanke-wanke. Maƙwabciyarmu Inna Hauwa, mai aikatau a gidajen Larabawa, ta sa ɗanta a wurinsa. Sai yaro ya daina cin abinci, in ya ji an ce makaranta ya shige banɗaki ya kulle. Da ƙyar ya gaya mata cewa Malam yana tsare shi bayan an tashi, yana yi masa abin da baki ba ya iya faɗa. Da ta kai ƙara wurin Baba Alhaji, sai ga wasu gidaje biyu su ma sun ce sun daɗe suna haɗiye irin wannan maganar.

Bayan sallar La'asar dattawa suka zauna, aka kira ni. Abin da har yau yake ba ni mamaki, babu ko mutum ɗaya a wurin da ya ce Malam bai aikata ba. Wani ya ce in 'yan sanda suka hau dutsen nan, ba Malam kaɗai za su sauka da shi ba, duk marar igama ya kaɗe. Wani ya ce Larabawa dama raina mu suke yi, ina ga sun ji wannan. Wani ya ce mahaddacin Alƙur'ani ne, tona masa asiri tona wa addini ne, a maƙwabtan Ɗakin Allah kuma. Aka tsayar da cewa Malam ya yi tuba a gabansu, a mayar da shi unguwar Ka'akiyya inda Hausawan can ke neman mai koyarwa. Ni aka ɗora wa aiki biyu: in rufe bakin Inna Hauwa, in kuma gabatar da Malam a can.

Na sami Inna Hauwa tana tsince shinkafa. Na gaishe ta har ƙasa, na yi mata wa'azin falalar rufin asiri, sannan na zagayo na tuna mata cewa ita ma ba ta da igama, kuma ofishin 'yan sanda ƙofar shiga gare shi mai faɗi. Na ce dattawa sun share mata hawaye, gobe Malam zai bar unguwa. Ba ta ɗago kai ba sai da na gama.

"Ɗana, ina za a kai shi?"

"Ka'akiyya, Inna. Halas, magana ta ƙare."

"To, a Ka'akiyya babu yara ne?"

Na yi 'yar dariya na ce Allah ya kyauta, na fita.

Washegari ni na ɗora akwatin Malam da littattafansa a bayan a-kori-kura. A Ka'akiyya an yi walima, shinkafa da nama har ta yi saura. Na miƙe na zuba musu zance, na ce mutanen Nakkasa da kuka suka rabu da shi, sun ba da shi ne kawai don zumunci. Kafin in zauna, iyaye sun fara turo 'ya'yansu su gaishe shi. Na koma gida ina jin kaina, wai na iya aiki.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A wani aikin Hajji, tsofaffi biyu da ke kwana ɗaki ɗaya a Aziziyya suka nuna wa juna hoton hadayarsu, sai ga rago mai baƙin kunne a waya biyu. Da na dawo karɓar kuɗin hadayar abokinsu, 'yan sanda na tarar. Alƙali ya yanke mini ɗauri, aka kai ni kurkuku a Jidda.

A can na haɗu da Bitrus, direba daga Kudancin Kaduna, wanda hatsarin mota ya kawo shi. Ɗan Katolika ne, Hausarsa tas, muka saba don mu kaɗai ne 'yan gida a ɗakin. Kullum ina tsokanarsa cewa ya zo har bakin Makka an hana shi shiga, shi kuma ya ce ai ni da na shiga ga inda na ƙare. Wata rana da hantsi muna wanki, ya ba ni labarin ƙanensa da ke taya Fada hidima a cocin garinsu. Fadan ya ɓata yaron. Uwarsu ta je har wurin shugabanninsu, aka ba ta kujera, aka yi mata addu'a, aka roƙe ta kada ta kunyata coci a idon waɗanda ba 'yan coci ba. Sai aka yi wa Fada canjin gari, har da bikin sallama, da awaki da doya. Ya ce daga baya manyansu sun fara fitowa suna neman gafara, wasu wuraren ma ana kai ƙara hukuma, amma ƙanensa bai sake taka ƙofar coci ba.

Laifi tudu ne. Na taka nawa na hango nasu, na ce ai dole, tunda sun hana limamansu aure. Bitrus ya matse rigarsa ya dube ni.

"Ɗan'uwa, ba maganar aure ba ce. Mugu ɗaya ne ya taɓa ƙanena. Amma mutanen kirki ne suka ɗaukar masa akwati zuwa gari na gaba."

Ya faɗa ne bai san komai ba a kaina. Ni kuwa sai na ji nauyin akwatin nan a hannuna, har igiyar da na ɗaure shi da ita na tuna. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ranar da aka sa mini ankwa. Kwanaki ina jin muryar Inna Hauwa tana tambayata.

Abu ɗaya ya riƙe ni. In na yi magana, bincike zai hau dutsen Nakkasa, mahaifiyata kuma tana can, ta tsufa, babu igama, saura ƙiris burinta ya cika. Ranar da aka ba mu damar waya na kira ta, na faɗa mata komai, har rawar da na taka. Da na gama sai ta tambaye ni.

"Yanzu yana can yana koyarwa?"

"Yana can, Umma. Amma in na faɗa, za su iya kwashe ku."

"Ya waladi, ɗana, ni na zauna a nan ne don in sadu da Allah da haske. In an rufe ni a Makka da hakkin 'ya'yan mutane a wuyana, ƙasar ce za ta yi mini bayani? Tafi ka faɗa. Yau ka sa bakin nan naka ya yi abin kirki."

Na nemi ganin jami'in da ke kula da mu, na ce ina da bayani. Duk iya maganar da na yi shekaru ina cutar alhazai da ita, ranar na zube ta a kan gaskiya, da Larabcin da babu mai cewa bai gane ba. Na faɗi inda Malam yake, da waɗanda suka zauna, da wanda ya ɗauki akwati. Baba Alhaji ya aiko a ce mini na zama annoba, na ci amanar jama'a. Na ce a gaishe shi. Aka kama Malam, kuma ashe a Ka'akiyyar ma ya riga ya taɓa wani yaro. Inna Hauwa da ƙafarta ta je ta ba da shaida, tana sane da abin da zai biyo baya. Bayanta wasu iyayen suka sami ƙarfin hali.

Abin da dattawa suka ji tsoro ya faru, ba zan ɓoye muku ba. An kwashe marasa igama da dama, har da Inna Hauwa da ɗanta, har da mahaifiyata. Ni ma da na gama zamana jirgi aka sa ni zuwa Kano. Akwai waɗanda har gobe in sun gan ni a Kurna sai su tsallaka titi. Ban ga laifinsu ba, sun yi asara. Amma ban sunkuyar da kai ba, kuma ba zan sunkuyar ba. Na tuba da dabino, na tuba da hadaya, ina roƙon gafarar alhazan da ban san inda zan same su ba. Wannan ɗaya kuwa ina alfahari da shi, kuma na fi alfahari da matar da ta haife ni. A Kano ta rasu, a nan muka rufe ta. Ban taɓa jin ta ambaci Makka da ƙorafi ba.

Ku samari, ku kiyayi ƙaramar cuta, ita ke koya wa baki ƙarya har wata rana manya su yi hayarsa. Ku girmama malamai da dattawa, amma in yaro ya ce an taɓa shi, ku saurare shi, ku kai maganar inda za a hukunta, ko mai laifin wane ne. Duk ranar da aka ce muku an sasanta, za a mayar da mutumin wata unguwa a rufa asiri, kada ku taɓa akwatin. Ku fara tambaya ko a can babu yara.