Bargon Cittar Mama

Ranar Litinin ta bayan Ista, a shekarar da Baba ya rasu, Mama ta ɗora mini damin busasshiyar ciyawa wanda ya fi ni faɗi, ta ce in biyo ta gona. Ina aji huɗu na firamare a lokacin, a ƙauyenmu kusa da Kagoma. Hutu ake yi, ƙawayena suna gindin mangwaro suna carafke, ni kuwa ciyawa tana sukar wuyana, ina ƙunƙuni ƙasa-ƙasa don kada ta ji. Na tsani wannan aiki, ba zan ɓoye ba.

Abin da Baba ya bar mana bai wuce gonar nan ba, sai ɗan irin citta da ya adana a inuwa bayan ɗaki. Ƙanensa, Baba Yohanna, ya riga ya faɗa a gaban dangi cewa mace ɗaya da ƙaramar yarinya ba za su iya da gona ba. In damina ta wuce ba a ga amfani ba, zai karɓa ya shuka masara. Ba mugu ba ne, bakunan da yake ciyarwa ne suka yi masa yawa. Irin ba zai cika gonar ba, don haka Mama ta tattara shi a kusurwar ƙasa, kusa da ɗorawa, ta shuka kusa-kusa, ta datse gangaren da kunyoyi don kada ruwa ya gudu. Kowa a garinmu yana rufe citta da ciyawa bayan shuka, amma shafa-shafa ake yi. Mama kuwa sai da muka jibga ciyawa, muka ƙara da ganyen mangwaro da na ɗorawa, har ƙafata tana nutsewa a ciki. Baba Yohanna ya tsaya da kekensa yana dariya, ya ce, "Matar yaya, citta kina shuka ko katifa kina yi?" Ta ce, "Ƙasa ma yana jin rana kamar mutum, Yohanna. Bari ya rufa bargo."

Sai ruwa ya ɗauke bayan kowa ya gama shuka. Sati ya bi sati, a coci ana ta addu'a, sama ko gajimare babu. Gonakin maƙwabta suka tsage, ’yan tsiron da suka leƙo suka ƙone. Tamu kuwa ban ga komai a cikinta ba sai busasshiyar ciyawa. Wata rana da yamma na zauna a bakin kunya na fashe da kuka, na ce shi ke nan, gonar Baba ta tafi. Mama ta kama hannuna ta tura shi ƙarƙashin ciyawar har wuyan hannu. Ƙasar sanyi ƙalau, da laima kamar gindin randa, sai wani abu mai tsini ya soki yatsana. Tsiron citta ne, a raye.

Da Baba Yohanna ya biyo, shi ma ya durƙusa ya tura hannu. Ya daɗe bai cire ba. Washegari ya iso da damin ciyawa biyu ɗaure a bayan keke, kuma bai sake ta da maganar masara ba.

Yanzu an sare ɗorawar an yi gawayi, ciyawar bakin gona ma magani ake fesa mata ta mutu tun kafin ta yi tsawon yanka. Mama ta riga mu gidan gaskiya, gonar tana hannuna, kuma ina kewarta duk lokacin shuka. Har yau in na ga ganye ya taru a ƙasa, ko a bakin titin Kafanchan ne, sai na ji hannuna yana so ya shiga ƙarƙashinsa.