Rigar Direba da Shagon Mai Almakashi

Duk layin, Mai Almakashi ake ce mata, don tun tana budurwa almakashi ke rataye a wuyanta. A kan keken ɗinki ta yi rayuwarta, har ciwon baya ya ce mata ya isa haka. Da wata ce, da ta kwanta ta huta. Ita kuwa sai ta sa autarta ta buɗe mata shago a intanet. Tana zana yankan riga a takarda, auta ta mayar da shi fayil, mai so ya biya da kati ya sauke a wayarsa.

Sai dai tana da wani hali: ba ta iya sayarwa ta yi shiru. Duk wadda ta saya sai ta kira ta ta bidiyo. "Nuna min yadin. A'a, wa ya ce ki yanka ta nan? Ajiye almakashin nan kafin ki yi ɓarna!" Auta ta yi mita har ta gaji, wai fayil suke sayarwa, ba tarbiyya ba. Masu sayen kuwa faɗan nan suke so.

Wata safiya tana shan shayi auta ta shigo fuska a murtuke. Wani mai kati ya kai ƙara bankinsa, wai bai san da cinikin ba, ɓarayi ne. Banki ya janye kuɗin, kamfanin da ke karɓar musu biya kuma ya dakatar da shagon, ya ba su wa'adi su kawo hujja. In ƙarar ta tabbata, an rufe ke nan.

"Ni ce ɓarauniya?" in ji Mai Almakashi. Ranta ya ɓaci matuƙa. Shagon nan shi ya hana ta zama tsohuwar da ake leƙowa a ce sannu.

Auta ta fara neman hujjar da za ta tura, ta karanto mata lambar mai sayen. "Ai na san ta!" in ji Mai Almakashi. "Bahaguwar nan ce, matar direban babbar mota. Kira min ita."

Matar ta ji zancen ta dafe ƙirji. Ashe katin mijinta ne, wanda ya bar mata na cefane. Riga take ɗinka masa a ɓoye, ɗinkinta na farko, ya dawo daga tafiya ya tarar. Shi kuwa yana hanya ya ga saƙon banki ɗauke da wasu baƙaƙe marasa kan gado a matsayin sunan shago, sai ya kai ƙara. Mai Almakashi ta harari auta.

"Gajarta sunan na yi, Mama."

"Kin gajarta shi har ni ban gane kaina ba. Gyara shi yau."

Matar ta ce, "Mama, bari in kira shi in faɗa masa komai."

Mai Almakashi ta kalli rigar a fuskar waya, hannu ɗaya ne da ita, wuyan kuma a karkace. Ta tambayi ranar dawowarsa, aka ce ƙarshen mako, dab da cikar wa'adin da kamfani ya bayar. Duk da haka ta ce, "Kada ki faɗa, 'yata. Ɗauko allura."

"Mama, shagonmu fa!" in ji auta.

"Na ji. Riƙe min wayar daidai."

Haka suka yi kwanakin nan. Ta sa an warware wuyan an sake, an warware an sake, tana faɗa, bahaguwa tana dariya, auta tana cizon yatsa.

Ranar da direba ya dawo, waya ta yi ƙara. Ga ƙato ya cika fuskar waya, sanye da riga ta zauna masa cas, kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Mama, ki yafe ni. Wallahi na ɗauka 'yan damfara ne." Ya shafa aljihun rigar. "Tun da mahaifiyata ta rasu, ba wanda ya zauna ya ɗinka min ko maɓalli."

Daɗi ya kama Mai Almakashi har hawaye suka zubo mata. Ta share da bakin ɗankwali, ta daka masa tsawa: "Ɗana, kukan zai jira, ma'aikatan banki kuwa tashi suke yi. Ɗauki mukullinka!"

Da rigar ya je ya janye ƙarar, alamar alli ma ba a goge daga kafaɗarta ba.