Tarwaɗar da Babana Ya Hana

A Agege aka haife ni, a can na yi rarrafe, a can na yi firamare da sakandare. Har ranar da na hau jirgin Guangzhou, sau ɗaya na taɓa taka ƙauyenmu na Arewa, shi ma ina goye a bayan mahaifiyata, ina barci. Duk da haka jiharmu ce ta turo ni China karatun injiniya, ita ke biyan kuɗin makaranta, domin kafin babana ya rasu sai da ya je gida ya karɓo mini takardar shaidar zama ɗan asalin jiha.

Babana ba mai yawan magana ba ne. Goro yake sayarwa, kuma bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin ƙauye ba. Abu ɗaya dai muka sani game da shi wanda babu a gidan kowa: ba a shigo da tarwaɗa gidanmu. A Legas kuwa, inda kowane lungu ƙamshin farfesunta ke tashi, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Akwai ranar da mahaifiyata ta ara wa maƙwabciya tukunya aka dafa tarwaɗa a ciki, da ya ji labari sai ya ce a bar mata tukunyar har abada. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne in muka bi shi kasuwa. Da ya hango tarwaɗa tana mutsu-mutsu a baho sai ya rage tafiya, ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, Kaka." Ni da ƙannena mukan yi kamar ba tare muke da shi ba.

Ina shekarar kusa da ƙarshe a jami'a labari ya iso mana cewa an yi sauyin shugabanni a gida, kuma an kai ƙorafi wai 'yan wasu jihohi sun cinye guraben 'yan jiha. Za a turo kwamiti ya tantance ɗalibai ƙasa-ƙasa. Wanda ya tashi a cikin jiha ba shi da matsala. Wanda ya yi zama a wata jiha kuwa takarda ba za ta ishe shi ba, sai ya zauna gaban kwamiti ya nuna da bakinsa cewa ya san garinsu. Wanda ya kasa za a cire sunansa, ya nemi mai biya masa. Ni ba ni da mai biya mini. Mahaifiyata waina take soyawa, kuma ta riga ta shaida wa Agege kaf, har da masu kabu-kabu, cewa ɗanta injiniya ne saura ƙiris. 

A lokacin nakan yi wa 'yan kasuwa tafinta a ƙarshen mako. Cikinsu akwai wani Alhaji mai sarin wandunan jins a kasuwar Canaan, mutum mai tumbi da fara'a, wanda Sinancinsa gaba ɗaya bai wuce kalma uku ba: nihaw in zai gaisa, lawban in zai kira mai shago, sai meyo, wato babu, wadda yake faɗa da ƙarfi duk lokacin da aka gaya masa farashi. Da ya ga na yi zugum ya tambaye ni, na gaya masa. Ina ambatar sunan ƙauyenmu ya daki ƙirji har sai da mai shagon da muke ciki ta ɗago kai. Ya ce ai shi ɗan can ne gaba da baya, ko kiyashin garin ya san uwarsa. Ya ce in kwantar da hankalina, kafin kwamiti ya sauka zai mayar da ni baƙauye tuburan.

Haka aka buɗe makaranta a tsakiyar Canaan. Muna tafe tsakanin dilolin wanduna yana yi mini karatu: sunan dagaci, ranar da kasuwa ke ci, ƙatuwar tsamiyar da ke bakin kasuwa wadda mahauta ke zama a gindinta. Yana cikin taya wando sai ya juyo ya jefo mini tambaya, in na yi jinkiri ya ce, "Ɗan Legas, ka faɗi." Ya ce tafiyata ma ta 'yan Ikko ce, kamar wanda mota za ta bari, dole in koyi jan ƙafa. Ya ce gaisuwata ta yi gajarta, ya sa ni durƙusawa a tsakiyar layi ina tambayarsa gida da gona da shanu da ruwan bana. Wata lawban mai shagon bel ta ga na daɗe a tsugune, ta ɗauka wani abu na yar, ta fito da tocila tana taya ni dubawa a ƙarƙashin teburinta.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ɗan ƙauye na gaske dole a ji ƙamshin fura a jikinsa. Muka karaɗe gari neman gero, ba mu samu irin namu ba sai a kasuwar masu kiwon tsuntsaye. Mai shagon ya tambaye ni tsuntsu nawa gare mu, sai na nuna Alhaji. Aka dama da madarar kanti mai sukari, na sha na yi hamdala saboda kunya, cikina kuma ya kwana biyu yana ƙugi. Daga ƙarshe ya ara mini babbar rigarsa, wadda ni da abokin ɗakina za mu iya shiga tare mu bar wa baƙo wuri.

Kwamiti ya sauka a wani otal kusa da babbar kasuwar tufafi ta Baima, mutum uku. Na ga hikimar zaɓen wurin da na shiga ɗakin, domin ledojin kaya sun kusa kai silin, da ƙyar aka samo mini kujera. Shugabansu wani dattijo ne siriri, tsohon hedimasta, mai tabarau a kan hanci, kuma tun a gaisuwa na gane daga ƙaramar hukumarmu yake. Na durƙusa na zuba masa gaisuwar Alhaji tun daga gida har shanu. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce shi ba shi da saniya ko ɗaya, in tashi in zauna.

Ya tambaye ni sunan dagacinmu, na faɗa da ƙarfin gwiwa. Ya ce Allah ya jiƙansa, wannan ai tun kafin a haife ni ya rasu, ɗansa ma da ya gaje shi ya bi shi. Ya tambayi ranar kasuwa, na faɗa. Ya ce da can ne, an daɗe da sauya ta. Na ga abin yana neman kuɓuce mini, sai na kawo tsamiya da kaina ba a tambaye ni ba. Na siffanta inuwarta, na ce ko bara da na yi waya gida an ce mini ta yi 'ya'ya sosai. Sauran biyun suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya ce tsamiyar nan an sare ta lokacin da aka yi titi, yanzu gidan mai ne a wurin.

"Samari," ya ce, "wanda ya koya maka karatun nan ya daɗe bai je gida ba."

Ya ce za su yi shawara, amma na ga inda alƙalaminsa ya nufa. Na fito ina jan rigar Alhaji a ƙasa, ina tunanin yadda zan kira Agege.

Ban kai ga lif ba ɗayansu ya biyo ni. Ashe tun saukarsu ba su ci abincin kirki ba, dattijo ya gaji da burodi da shayi, kuma ba su da mai yi wa direban tasi magana. Haushi kamar ya kashe ni, amma na kai su wurin wata Hajiya 'yar Ghana da ke dafa abincin gida a falonta, can saman wani dogon bene. Alhaji, wanda tun safe yake jira a ƙofar otal, ya cusa kansa cikin motar, wai zai sa baki a yi mini sassauci.

Muka zauna a kan leda, Hajiya ta kawo shinkafa, sannan ta dire wani ƙaton kwano a tsakiya ta buɗe. Farfesun tarwaɗa ne, manya-manya, har da gashin bakinsu. Kowa ya gyara zama. Ni kuwa na ja farantina gefe, na roƙi Hajiya ɗan mai da yaji. Dattijo ya lura, ya ɗauka fushi nake, ya ce in ci abinci, harkar aiki daban cin abinci daban. Na ce ba fushi ba ne, ba na cin tarwaɗa ne. Ya tambaya ko tana sa mini ƙaiƙayi. Na ce ban sani ba, ban taɓa ɗanɗanawa ba, babana ne ya hana.

Hannunsa ya tsaya a kan kwano. Ya tambayi dalilin hanin, na ce wallahi bai taɓa faɗa ba. Na ba shi labarin tukunyar da aka bar wa maƙwabciya. Tunda dai na riga na faɗi jarrabawa, ban ga abin ɓoyewa ba, sai na ƙara da abin da tun ina yaro ban taɓa gaya wa kowa ba, cewa in ya gan ta a kasuwa har gaishe ta yake yi.

"Me yake ce mata?"

"Sannu, Kaka."

Dattijon nan ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin shinkafa. Da ya samu numfashi ya ce shi ɗan garin ƙetaren rafi ne, kuma tun suna yara suke tsokanar mutanen ƙauyenmu da jikokin tarwaɗa. Wai a wata shekarar fari, wanda ya kafa ƙauyen ya bi sawun wata tarwaɗa a cikin taɓo har ta kai shi idon ruwa, shi ne ya yi alkawarin shi da zuriyarsa sun bar cin ta. Ya ce malamai sun yi wa'azi har sun gaji cewa halal ce, mutanen suka ce sun yarda halal ce, a ci lafiya, su dai ba da su ba. Ya ce sunan dagaci kowa zai iya haddacewa, amma babu wanda zai ga farfesu irin wannan da yunwa a cikinsa ya ja faranti gefe don neman kuɗin makaranta.

A nan ne idanu suka koma kan Alhaji, ɗan ƙauyenmu gaba da baya. Kan tarwaɗa ne a hannunsa, ya riga ya tsotse rabi, romo na bin gemunsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ai wannan 'yar China ce, ba ta da dangantaka da ta gida. Dattijo ya ce ɗan garin ko a Makka ya gan ta sai ya gaishe ta. Da aka matsa masa, Alhaji ya ce gaskiya dai lokacin yana yaron mota ne babbar motarsu ta lalace a bakin kasuwar, suka yi damina guda a gindin tsamiya suna jiran kayan gyara. Ya ce amma mutanen kirki ne, shi ya sa yake jin kamar nasa ne. Sannan ya ci gaba da tsotsar kan kifinsa.

Dattijo ya kakkaɓe hularsa ya mayar, ya ce da abokan aikinsa a bar sunan jikan tarwaɗa inda yake. Na yi godiya, sai kuma na ji hawaye na zubo mini. Alhaji ya ce yaji ne. Ba yaji ba ne. Kewar babana ce ta taso mini, mutumin da muka yi ta jin kunyar tafiya da shi a kasuwa, ashe iya abin da ya iya riƙewa na garinsu ke nan a tsakiyar Legas, kuma shi ya bar mini.

Da na kira mahaifiyata na ba ta labari, sai ta ce ita ma bai taɓa gaya mata ba, da ta sani da ba ta yi ta mitar tukunyar nan ba.

A ƙarshen makon na shiga kasuwar kayan miya da ke bayan makarantarmu sayen albasa. A bakin ƙofa akwai mai kifi da bahonsa, tarwaɗa cike suna ta mutsu-mutsu. Na wuce, na dawo, na waiga ko akwai ɗan Najeriya kusa. Na ɗan sunkuyar da kai na ce, "Sannu, Kaka." Mai kifin ya ɗauko raga ya tambaye ni guda nawa zai kamo mini.