Na kai wa Yaya muryar Malam

Mun tashi da asuba daga Tanut, ni da ɗiyata malamar lakwal, wato makarantar boko, wadda take rubuta muku wannan, ni ina faɗa. Sati guda ke nan da fitata takaba. Har yanzu in an ambaci Malam, maigidana, sai hawaye, ba na kuma ɓoyewa.

Yana kwance a ciwonsa na ajali ya sa ɗiyata ta ɗauki maganarsa a ordinater, wato kwamfuta, saƙo zuwa ga yayarsa da ke wani ƙauye bayan Tarka. Sun daɗe ba sa gaisawa saboda rabon gona. Ta tsufa, ba ta gani, garinsu babu wuta babu rezon waya.

Daren tafiya aka ɗauke mana wuta, batiri bai kai rabi ba. Ɗiyata ta ce in kwantar da hankalina, tsari biyu ne a cikin na'urar, ɗaya ya fi ɗaya shan batiri. Wanda aka sayo ta da shi doki ne, ga kyau ga shan ruwa, ba ya kai hantsi zuwa azahar. Wanda abokan aikinta suka sa mata raƙumi ne. Na ce to a hau raƙumin.

Kuɗin mota ya hau, ga shi an cusa mu da buhunan gero da awaki biyu. Yashi ya riƙe mu a hanya, maza suka sauka turi, mu muka zauna gindin aduwa muna cin cukun da wata Buzuwa ta raba mana. A Belbeji mai cajin sola ya juya ordinater, ya ce, “Inna, wannan ta fi ƙarfin rumfata, salula kawai nake shayarwa.” Muka sha fura da nono mai tsami, muka hau amalanke.

Da la'asar muka isa. Bayan an yi kuka an yi addu'a, aka kunna. Malam ya ce, “Yaya, ina wuni?”

“Tsayar da shi,” in ji Yaya. “Lafiya lau, auta. Ina gajiya? Ya jikin?”

Ashe ba za ta bar gaisuwa ko ɗaya ta wuce ba amsa ba. Ya tambayi yara, sai da ta lissafo masa su har jikoki. Ya tambayi damina, ta ba shi labarin fara da tsuntsaye. Ɗiyata ta raɗa mini cewa alamar batiri ta yi ja. Ta so ta tsallake zuwa ƙarshe, na riƙe hannunta. Wa ke yanke wa babba gaisuwa?

Na yi ta salati a zuci. Raƙumin nan bai durƙusa ba sai da Malam ya ce, “Yaya, ki yafe mini.”

Ta laluba gilashin da tafinta. “Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini.”

Ni na amsa mata a madadinsa, don na san ya yafe.

Kwana biyu muka yi, muka dawo da ƙwaryar gero daga gonar nan da aka yi rigima a kanta. Na koyi cewa saƙon mamaci ba ya son gaggawa, sai a nemo masa abin hawa mai haƙuri. Ina shiga gida na tsaya ƙofar ɗakinsa, na ce, “Malam, an kai, an kuma karɓa.”