Muryar Hajo Mai Waina

Shekarar da sojoji suka koma bariki Hajo ta kafa tandarta a bakin Babbar Kasuwa, tana sabuwar zuwa daga ƙauye, da goyo a baya. Yau ko makaho ya san rumfarta, don muryarta ake fara ji kafin ƙamshin wainar. Murya ce mai kauri, ga 'yar shaƙewa, kuma duk wanda ya tsaya gabanta "ɗiyan nan" ne, ko da furfura ta cika masa gemu.

Abin da kasuwa ba ta sani ba, Hajo na da ciwon hanta. Likita ya gaya mata ba a ɗaukarsa ta abinci, ta kuma yarda. Amma wa zai tsaya ya yi wa 'yan kasuwa wannan bayani? Ranar da maganar ta fita, ranar za ta kashe wutar murhunta. Ta san mutanenta sarai.

Wata ma'aikaciyar jinya, Delu, ita ta saka ta cikin wani guruf na WhatsApp na masu irin ciwon. Kowa da sunan aro. Hajo ba ta iya rubutun boko ba, sai ta danna ta yi magana. Kullum in ta koma gida Ƙofar Kwaya bayan La'asar, za ta zauna ta lallashi wannan, ta yi wa wancan faɗa kan fashin magani. 'Yan guruf suka raɗa mata Inna.

Wata Talata sai ga sabuwar lamba ta shigo. Hajo ta taɓa hoton da ke kan lambar. Malam Lado ne, telan da shagonsa ke kallon rumfarta. Lado fa! Mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa, wanda in ka gaya masa abu da hantsi, kafin Azahar masu kayan miya sun ji.

Nan take ta kira Delu. Delu ta ce sabon shiga ba ya jin saƙonnin baya, ta kwantar da hankalinta. To, na gaba fa? Hajo ta ja bakinta ta tsuke. Kwana huɗu tana saurare ba ta tanka ba. A kasuwa kuwa, duk ɗagowar kan Lado daga keken ɗinki sai ƙullu ya kusa zube mata.

Rana ta biyar wata yarinya da ba ta daɗe da shiga ba, mai kiran kanta Baƙuwa, ta turo murya tana kuka. Ta ce ta daina cin abinci, ta ware kofinta da kwanonta, ba ta ga amfanin sauran kwanakinta ba. "Inna, ina kika shiga? Ke kaɗai nake jin maganarki."

Wasu suka yi ta turo rubutu. Yarinyar ba ta amsa ko ɗaya ba.

Hajo ta ajiye wayar, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Shekara ashirin da ɗoriya tana gaban wutar nan. Ta gwada maƙe murya, ta ji kanta kamar akuya, ta goge. Daga ƙarshe ta yi bismillah ta danna.

"Ɗiyan nan, tashi ki wanke fuska. Shekarata tara da ciwon nan, kwano ɗaya nake ci da jikokina, kuma lafiyarsu lau. Ki ci abinci yanzu, ina jira ki gaya mani."

Da safe ta fito ta kunna wuta kamar mai jiran hukunci. Lado ya buɗe shago, bai zauna kan keke ba. Ya tsallako titi, ya tsaya a kanta, ga mutane cike da benci. Hajo ta kasa ɗago ido. Wainar da ke tanda ta fara ƙonewa.

"Hajo, zuba mani, a sa miya da yawa."

Ya zauna ya cinye tas a gaban kowa, har da siɗe yatsa. Da zai miƙa mata kwanon sai ya sunkuyo, ya rage murya yadda ba ta taɓa jin ya yi ba.

"Baƙuwar nan ɗiyata ce. Ta ci tuwo jiya. Kwana uku rabonta da abinci." Idonsa ya kawo ruwa. "Ƙulla mani guda goma in kai mata gida, Inna."